Bakin Caja

Daren da wuta ta dawo da ƙarfin hauka,
ta ci ƙwan ɗakin Inna, ta ci fanka,
ta bi waya ta lashe cajar tarkon sauro.
Da safe sai warin ƙonanniyar roba.

Hurera ce ta aiko shi daga Maraɗi,
ɗan tulu mai shuɗin ido,
yana kiran sauro kamar mai watsa wa kaji tsaba,
ya zo, a ji tas, shi ke nan.
Inna ba ta shiga gidan sauro.
Ta ce da ranta ba mai lulluɓe ta da farin yadi.

Kwana uku yana cin guzurin cikinsa,
ran na huɗu idon ya rufe.
Ga damina, kwatamin Rafin Daɗi ya cika,
masu gogen dare suka dawo da kiɗansu,
ina jin Inna tana tafi a duhu,
ba kuwa biki ake ba.

Na sa shi a leda na nufi Ƙofar Ƙaura.
Yaro ya zube mini cajoji kamar hanjin rago.
Wannan bakinsa ya yi kauri.
Wannan siriri, yana lilo a ramin
kamar ƙafar jinjiri a takalmin uba.
Wannan ya shige daidai, har na fara hamdala,
tarko ya yi shiru, an gai da kurma.
"Alhaji, sayi sabo mana ka huta."
Na taɓa aljihu, aljihu ya ce kul.

'Yar Kutungu, Babbar Kasuwa, na koma na sake dawowa,
kuɗin keke ya kusa haye kuɗin abin da nake nema.

Sai wajen la'asar, can Ƙofar Guga,
a rumfar Sada mai gyaran rediyo,
tabaraunsa ɗaure da zaren buhu.
Bai dubi ramin ba.
Kifa tarkon ya yi, ya goge gindinsa da bakin riga.
Ya ce, "Kowa baki yake dubawa,
alhali ba duk bakin da ya zo daidai ke da gaskiya ba.
Ga rubutu nan, ƙanana kamar ƙwan tururuwa:
ƙarfinsa shida, kuma ta cibiya wutar ke shiga.
Ka ba shi sha biyu, ƙoshi ya kashe shi.
Ka ba shi biyar, ya kwana yana hamma."
Na ce, to kawo.
Ya ce, "Babu. Ta tsofaffin rediyo ce, an daina kawowa."
Ya kama tafina ya rubuta da biro.

Magariba ta same ni a tsakar gida,
buta a gabana, ina tsoron alwala ta cinye lambar.
Na ɗauki gawayi na kwafe a bango.
Inna ta ce, "Tsalha, hatimi ka koma yi?"
Na faɗa mata.
Ba ta ce komai ba, ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado,
ta ɗaga zannuwa masu ƙanshin ajiya,
ga rediyon Baba, shekara tara bai yi tari ba,
wayarsa naɗe yadda hannunsa ya naɗe ta.
Na kai ta kusa da tocila.
Shida.

Wuta ba ta zo ba sai ƙarfe ɗaya.
Na soka, na riƙe numfashi.
Ja ya fara kamawa, can kuma shuɗi ya buɗe ido.
Tas.
Tas, tas.

Daga kan gado, murya ƙasa-ƙasa:
"Malam Mati, har yau bai gaji da kore mini sauro ba."
Ta juya ta fuskanci bango.

Ni na zauna bakin ƙofa ina ƙirga,
na ɓace wajen talatin da wani abu.
Rediyon na gefe, ban mai da shi adaka ba.